Fatih ko Ƙanuni: wanne ya fi a gidan Usmaniyya?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Sarki Muhammadu al-Fatih da Sarki Sulaiman al-Ƙanuni wane ne ya fi a cikin sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkawa, kuma ko akwai wanda mulkinsa ya taɓo yankinmu. A gani na, daular ta fi faɗi da ƙasaita a hannun Sulaiman, amma aikin Fatih ya fi nauyi. Ga abin da ya sa na ce haka.

Da farko dai ba uba da ɗa ba ne, kamar yadda wasu ke zato. Fatih shi ne sarki na 7, Sulaiman na 10. Fatih ya haifi Bayazid na II, Bayazid ya haifi Salim na I, Salim ya haifi Sulaiman, wato tattaɓa-kunnensa ne. An haifi Fatih a Edirne a 1432, kuma sau biyu ya hau karaga: daga 1444 zuwa 1446 yana ɗan shekara 12, lokacin da mahaifinsa Murad na II ya yi murabus, sai kuma daga 1451 har rasuwarsa a 1481. Sulaiman kuwa an haife shi a 1494 a Trabzon, garin da Fatih ya ci da yaƙi a 1461. Ya yi sarauta daga 1520 zuwa 1566, shekara 46, babu wanda ya kai shi daɗewa a wannan gida.

Inda nake fara auna su shi ne abin da kowanne ya tarar ranar da aka naɗa shi. Fatih ya gaji ƙasa a rabe, ɓangare a Turai, ɓangare a Anatoliya, a tsakiya kuma ga Kustantiniyya (Istanbul ta yau) a hannun Rumawa. A cikin birnin akwai wani ɗan gidan sarautar Usmaniyya mai suna Orhan, wanda Rumawa ke riƙe da shi suna barazanar sakinsa ya nemi gadon sarauta. A fada kuma ga Waziri Halil Pasha, dattijon da ya sa aka dawo da Murad a 1446 bayan boren sojojin Janisari, wanda bai ɗauki saurayin sarkin da wani muhimmanci ba. Sulaiman fa? Mahaifinsa Salim, a cikin shekara 8 kacal, ya karya Shah Isma'il na Farisa a Chaldiran a 1514, ya rusa daular Mamluk a Marj Dabiƙ a 1516 da Ridaniyya a 1517, ya bar masa Sham da Masar da hidimar Makka da Madina, baitulmali maƙil, ba kuma wani ɗan'uwa da zai ja da shi. Ɗaya sassabe ya yi a daji, ɗayan gona ya tarar an riga an zuba mata taki.

Cin Kustantiniyya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin mutane sun fi sanin hadisin da ya yabi sarkin da rundunar da za su buɗe birnin fiye da yadda aka yi aikin. A 1452 Fatih ya gina ganuwar Rumeli Hisari a gaɓar mashigin Bosforus cikin 'yan watanni, daura da wadda Bayazid na I ya gina a ɗaya gaɓar, don kada jirgi ya kawo wa birnin abinci daga Baƙin Teku. Ya ɗauki wani maƙeri mai suna Orban, wanda sarkin Rum ya kasa biyansa, ya zuba masa manyan igwa na tagulla. Rumawa sun tare bakin mashigin Golden Horn da ƙatuwar sarƙa, jiragen Fatih suka kasa shiga. Sai ya sa aka shimfiɗa gumagumai, aka shafe su da kitse, aka ja jirage kusan 70 ta kan tudu a bayan unguwar Galata. Masu tsaron birni suka wayi gari ranar 22 ga Afrilu suka ga jiragen Turkawa a cikin ruwan da suke zaton a kulle yake, dole suka raba 'yan sojojinsu zuwa wannan ɓangaren ganuwa. Birnin ya faɗi ranar 29 ga Mayu 1453, bayan kwana 53 da kewaye shi. Sarkin Rumawa, Konstantin na XI, ya mutu a yaƙin. Fatih yana da shekara 21. Bai ɓata lokaci ba ya sa aka kama Halil Pasha, daga baya aka kashe shi.

Amma idan filin daga kaɗai za a duba, masu goyon bayan Sulaiman suna da hujja mai ƙarfi. Fatih ya kewaye Belgrade a 1456, Janos Hunyadi, jagoran sojojin Hangari, ya kore shi, ya koma gida da rauni a jiki. Rundunarsa ta kasa cin tsibirin Rodos a 1480. Waɗannan wurare biyu Sulaiman ya karɓe su cikin shekara biyu da hawansa: Belgrade a 1521, Rodos a 1522. A Mohacs, a 1526, ya gama da rundunar Hangari cikin kamar awa biyu, sarkinsu Luwis na II ya halaka a wajen gudu. Ya shiga Bagadaza a 1534, jiragensa a ƙarƙashin Khairuddin Barbarosa suka yi nasara a Preveza a 1538, ya ƙulla ƙawance da Faransa don su matse gidan sarautar Habsburg mai mulkin Austriya da Sifaniya daga gabas da yamma. Sau 13 ya fita yaƙi da kansa. Shi ma dai ya gamu da nasa cikas: birnin Biyana (Vienna) ya gagare shi a 1529, Malta ta gagari rundunarsa a 1565. Abin dariya, mayaƙan da suka tsare Malta ƙungiyar nan ce da ya bari ta fice daga Rodos da mutuncinta shekara 40 da wani abu kafin nan.

A fannin doka sunan Sulaiman ne ya fito, shi ya sa ake ce masa Ƙanuni. Shi da Shaihul Islam Abus Su'ud Afandi, wanda ya riƙe muƙamin daga 1545, sun tattara dokokin ƙasa da haraji da horo, suka daidaita su da fiƙihun Hanafiyya. Aiki ne babba, kuma talaka ya amfana, don ya san iyakar abin da mai ƙasa zai karɓa a hannunsa. Sai dai Fatih ne ya fara rubuta kundin dokokin fada, ya tsara muƙamai da wanda ke gaban wani. Shi ne kuma ya karya tsofaffin gidajen Turkawa masu faɗa a ji, ya riƙa naɗa wazirai daga yaran da aka ɗebo daga ƙauyukan Balkan aka raine su a fada, waɗanda ba su da kowa sai sarki. Ya mayar da kujerar shugaban cocin Rumawa a 1454, ya kwaso mutane daga garuruwa daban-daban ya cika birnin da ya tarar kusan kango. Ba a ji daɗinsa sosai ba. Ya ƙwace filayen waƙafi masu yawa, ya riƙa rage azurfar da ke cikin kuɗi don ya ciyar da yaƙi, har ɗansa Bayazid ya mayar wa mutane filayensu bayan rasuwarsa. Duk da haka, tsarin da Sulaiman ya yi mulki da shi na Fatih ne.

Akwai wani ɓangare da masu kallon finafinan Turkiyya suka fi so, kuma ba shi da daɗin ji a kan ko wannensu. A kundin Fatih ne aka rubuta cewa wanda ya hau karaga yana iya kashe 'yan'uwansa don zaman lafiyar duniya, kuma shi kansa ya sa aka kashe ƙaninsa jariri a 1451. Sulaiman bai da ɗan'uwan da zai kashe, sai abin ya faɗa kan na kusa da shi. Ibrahim Pasha, amininsa kuma wazirinsa tun 1523, an shaƙe shi a fada a 1536. Babban ɗan Sulaiman, Mustafa, wanda sojoji ke ƙauna, an kira shi tantin mahaifinsa a 1553 a hanyar yaƙin Farisa, aka shaƙe shi a nan. Wani ɗan, Bayazid, ya gudu wurin Shah Tahmasp na Farisa, aka yi ciniki a kansa aka kashe shi a 1561. Ana yawan ɗora wa Hurram, matar Sulaiman, laifin kisan Mustafa, amma umarnin dai daga bakin sarki ya fito. Wanda ya rage shi ne Salim na II, sarkin farko a gidan da bai taɓa jagorantar runduna zuwa yaƙi ba. Wannan a wurina babban giɓi ne a lissafin Sulaiman.

Ta fuskar gini, Fatih ya bar fadar Topkapi da masallacinsa mai makarantu takwas. Sulaiman ya samu magini Sinan, wanda ya gina masallacin Sulaimaniyya tsakanin 1550 da 1557, kuma ganuwar da ke kewaye da tsohon birnin Ƙudus a yau aikin zamaninsa ce. Nan kam Sulaiman ya sha gaba. Dukansu biyu a hanyar yaƙi ajali ya same su: Fatih a 1481 kusa da Gebze yana da shekara 49, shekara guda bayan sojojinsa sun sauka a Otranto a ƙasar Italiya, Sulaiman a 1566 a gaban ganuwar Sigetbar a Hangari, inda Waziri Sokollu Muhammad Pasha ya ɓoye rasuwar na makonni har magaji ya iso.

Game da tambayarka ta biyu, babu wanda ya mulki ƙasar Hausa ko Borno a cikinsu. Fatih ma ko Afirka bai taka ba. A zamanin Sulaiman ne Turkawa suka karɓi Tarabulus ta Libiya a 1551, wato bakin hanyar fataken da ke ratsa Fezzan zuwa Tafkin Chadi. Ta wannan hanya Mai Idris Alauma na Borno ya aika jakadu Istanbul a shekarun 1570, wurin Murad na III, jikan Sulaiman, kuma ya samu Turkawa masu harbin bindiga da suka yi aiki a rundunarsa.