Hanfu, Qipao ko Siket ɗin Mamian: Wanne Ya Cancanci Kuɗinki?

Kayan da muke gani jikin sarauniyoyi a fina-finan tarihin China yanzu sun sauko titi. Tun 2003, da wani ma'aikacin lantarki, Wang Letian, ya zaga birnin Zhengzhou sanye da hanfu, wato tufafin gargajiyar China, matasan ƙasar suka kama abin gadan-gadan. In za ki ba mai zuwa Guangzhou sautu, ko za ki yi oda a Taobao, kasuwar intanet ta China, ki san abin da za ki ce a sayo.

Qipao ki ajiye ta gefe tukuna. Rigar Shanghai ce ta wajajen 1920, ta zamani a kama take da jiki, ga tsaga har cinya. Kwalliyar ɗaki ce.

Cikakken hanfu kuwa a hoto ba a magana, amma hawa-hawa ne, hannunsa kuma ya fi na babbar riga shiga miya. In kin nace sai shi, ki lura da wuya: ɓarin hagunki ke hawa kan na damanki. Akasin haka a al'adarsu shigar gawa ce.

Ni dai mamian zan saya. Siket ne da ya yi tashe a daular Ming, ɗaura shi ake yi da igiya kamar zani, gaba da baya a shafe, tattara a gefe biyu. Ya kai idon sawu, bai nuna sura, kuma farar riga da mayafi sun wadatar. Haka 'yan matan Beijing ke sa shi da takalmin kambas su tafi ofis. Kasuwarsa ta ƙara buɗewa a 2022, bayan 'yan China sun yi ca a kan kamfanin Dior cewa ya kwaikwayi ɗinkin bai faɗi asalinsa ba.

Masu arahar galibi daga gundumar Caoxian ta lardin Shandong suke, kuma nan ne ido zai yi aiki. Juya siket ɗin ki dubi cikinsa. In zanen saƙawa aka yi, za ki ga zaren gwal ɗin ya ratsa ta baya. In bugawa aka yi, bayan fari fat yake, walƙiyar ma ba ta jure wanki. Yawancinsu yadin roba ne mai nauyi, sai sanyin hunturu, ba zafin Afrilu ba. Mai hali ta nemi silikin xiangyunsha na Shunde, wanda ake rinawa da ruwan wata saiwa da taɓon kogi. Sanyi gare shi a jiki, tsada kuma ba a cewa komai.

Sai awo. Nauyin da ke jadawalin masu sayarwa sau da yawa da ma'aunin jin ne, wato rabin kilo, don haka mai kilo 60 layin 120 za ta duba. Ki sa tela ya auna miki ƙugu da tsawo kafin ki biya, ki kuma ɗauki wanda ya ɗan fi ki. In ya yi kaɗan, ɓangarorin siket ɗin ba sa rufe juna, da kin taka sai ya dare.