Wata huɗu ina amfani da manhajar koyon aikatau na Italiyanci

Shekara biyu ke nan da na biyo maigida zuwa Brescia, a arewacin Italiya, amma sai bana na zauna da gaske don in koyi harshen. Kafin nan Italiyancina na kasuwa ne. In nuna abu da yatsa, in faɗi sunansa, in ƙara da "grazie". Aikatau kuwa yadda na tsince shi a ƙamus haka nake jefa shi: "io parlare", "io comprare". Ana gane ni, sai dai ina lura da yadda mai saurare ke rage murya ya dinga jan magana, kamar yana lallaɓa ƙaramin yaro, kuma abin yana ci min rai. Wata Hajiya 'yar Kumasi da muke haɗuwa a masallaci ranar Juma'a ce ta nuna min manhajar a wayarta. Ta ce, "Ƙanwata, ki bar haddar sunayen kaya, wannan kin riga kin iya. Wutsiyar aikatau za ki kama."

Manhajar ba ta da wani aiki sai aikatau. Ta ba ki kalma, ta ba ki mai aikatawa, ke kuma ki rubuta yadda kalmar za ta koma. Kaɗan ne ke buɗe kyauta, sauran sai an biya duk wata, kuma kuɗin bai kai na kilo ɗaya na naman rago a shagon halal ɗin unguwarmu ba. Na biya, na tsaya kan lokaci mai ci kawai, wanda suke kira presente, ina yin kamar minti 15 bayan sallar Asuba kafin yara su tashi.

Abin da ta fara warware min shi ne inda kaina ya daɗe yana kullewa. A Hausa, gaban aikatau muke dubawa mu san mai yi: ina magana, kana magana, muna magana, ita "magana" tana nan ba ta motsa ba. Su kuwa a ƙarshen kalma suke ɓoye mutumin. Parlo, ni ce. Parli, kai ne ko ke, don ba su raba mace da namiji a nan. Parla, shi ko ita. Sai parliamo, parlate, parlano, wato mu, ku, su. Shi ya sa Ba'italiye ba ya wahalar da kansa da "io" ko "noi" sai in yana son jaddadawa. Ni kuma da can kunnena na tsaye a farkon jimla yana jiran wakilin suna da ba zai zo ba, har maganar ta wuce. Manhajar tana rubuta saiwar kalma da baƙi, wutsiyar da ja, kuma bayan mako biyu idona ya saba da tsallakawa kai tsaye zuwa jan. Daga ido abin ya koma kunne. Ranar da na ji maƙwabciyata ta ce da mijinta "usciamo?" a bakin lif, na gane nan take cewa su biyun take nufi, sai da na tsaya na yi hamdala.

Gidaje uku ne: masu ƙarewa da -are, da -ere, da -ire. Na yaba da yadda ta jera su kafaɗa da kafaɗa, parlare, prendere, dormire, don a nan na ga cewa rabin aikin iri ɗaya ne. "Ni" kullum -o, "kai" kullum -i, "mu" kullum -iamo. Sauran uku ne kawai ake lura da su. Ƙananan dokokin rubutu ma ta kawo su a kan lokaci, kamar h ɗin da ke shiga cerchi da paghiamo don kada sautin ya yi laushi.

Inda na fi jin na ci kuɗina shi ne masu -isc-. Capire, finire, pulire, preferire duk 'yan gidan -ire ne, amma suna cusa wannan gaɓa a wurare huɗu su bar biyu: capisco, capisci, capisce, sai capiamo da capite ba komai, sannan capiscono. Da ganin kalma ba za ki ce wannan tana ɗauka wannan ba ta ɗauka ba, sai dai sabo. Manhajar tana riƙe waɗanda kika yi kuskure a kansu, ta sake kawo miki su gobe da jibi da mako mai zuwa. Na rubuta "pulo" ya fi sau biyar, ita kuma ba ta gaji da mayar min da pulisco ba, har ya zauna. Haka ta yi min da masu taurin kai, essere, avere, andare, fare, venire, waɗanda su ne ake buƙata daga safe har dare: vado, faccio, vengo. Na ji daɗin avere musamman, domin "ho trent'anni" daidai yake da namu "ina da shekara talatin".

To amma akwai inda ta bar ni a rana, kuma a wurin da ya fi muhimmanci ga mai tarbiyya. A teburinta, layi na uku "lui/lei" kawai aka rubuta, shi da ita. Ko sau ɗaya ba ta gwada ni da Lei na girmamawa ba. Mu a gida babba "ku" muke ce masa, kun tashi lafiya, kun dawo. Su a nan idan za su girmama mutum sai su yi masa magana kamar suna zancen wata mace da ba ta wurin, da siffar "ita", ko da namiji ne. Na kai ƙaramin ɗana wurin likitar yara, dattijuwa mai furfura wadda a shekaru ta haife ni, na buɗe baki cike da murnar na iya, na ce "puoi ripetere?" Matar ta maimaita min cikin fara'a, ba ta nuna komai ba. Da muka fito, babbar 'yata mai shekara tara ta riƙo hannuna ta ce, "Umma, 'può' ake ce mata, 'puoi' na ƙawaye ne." Har muka isa gida raina ba daɗi, domin ni ban taɓa ce wa sa'ar mahaifiyata "ke" ba. Daga baya Hajiya, wadda ta yi shekaru a Napoli, ta ce min a kudu har yanzu ana ce wa tsofaffi voi, daidai da "ku" ɗinmu, amma a ofis da asibiti da makaranta Lei ne. Layi ɗaya na bayani da ya isa, kuma manhajar da ake biya bai kamata ta rasa shi ba.

Na biyu, murya. Akwai maɓallin sauraro, amma ba a yi wa gaɓar da ake dannawa alama a rubuce ba. A siffar "su", nauyin yana komawa baya: a parlano kan "par" yake, a abitano kan "a" ta farko. Na yi wata guda ina danna tsakiya kafin maigida ya ji ni ina karantawa da ƙarfi ya gyara min. Jimlolin misalin ma ba su da yawa. A bakin mutane na koyi cewa da presente ɗin nan ake cewa "domani vado", gobe zan je, da "abito qui da due anni", shekara biyu ke nan ina zaune nan.

Ga wadda take shirin jarrabawar iya Italiyanci ta matakin A2, da ake nema kafin a ba da takardar zama ta dogon lokaci bayan shekara 5, manhajar za ta taimaka wajen rubutu ƙwarai. B1, matakin da ke sama da A2, da aka wajabta wa masu neman zama 'yan ƙasa tun ƙarshen 2018 kuwa ya fi ƙarfinta ita kaɗai. Shawarata a biya wata uku, a yi kullum, a dinga faɗin amsar da baki kafin a rubuta, kuma duk inda aka ga "lei" a tuna da likita da malamar makaranta.

Ni na dakatar da biyan a ƙarshen wata na huɗu, na yi rajista a CPIA, makarantar gwamnati ta manya, ajin safe bayan na kai yara. Aikatau ashirin da suka fi ba ni wuya na kwafe su da hannu na manna a ƙofar firij, kuma a gefen layi na uku na kowanne na rubuta Lei da babban baƙi.