Man jak ko man birki?

Idan jak mai taya ya fara sauka da kansa, wasu makanikai sukan ɗura masa man birki, don shi ne a kusa. Kwana biyu zai yi aiki lafiya lau. Daga baya robobin cikinsa su kumbura, sai ka ga mai yana tsiyaya ta bakin sandar da ke tura jak ɗin sama. Ga shi man birki yana jan danshi, tsatsa ta biyo baya.

Man jak na ainihi kuwa, mai lamba ISO 32 (lambar kaurin mai), ba ya cin roba. Ni dai shi nake saya. Sauke jak ɗin ƙasa, cire toshiyar ramin zuba mai, cika da man jak daidai bakin ramin, sannan ka kwance bawul ɗin sauke jak ka buga hannun kamar sau goma, iska ta fita.