Baba, Galura ko Karan Dafi: Wanne Ya Kamata Ka Biya wa Kuɗi a Zariya?

Ƙanena mai ɗinkin hannu ne a cikin Birni. Kwanan baya ya zo da farin yadi kamu goma, ya ce: "Yaya, rini zan kai kafin in zauna masa da allura. Na baba zan sa a yi ko na galura?" Na ce ya fara gaya mini launin da yake so, don amsar shuɗi daban, ta ja daban.

In shuɗi ne, baba ba shi da na biyu, sai dai ka san abin da kake saye. Ganyen baba ba shuɗi ba ne. Sinadarin da ke cikinsa, indikan, ba shi da launi ko kaɗan, sai an daka ganyen ya ruɓa, iska ta taɓa shi, sannan shuni ya fito. Shunin kuma ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa marini yake zuba shi a rami da toka da katsi (tsohon laka na gindin ramin rini da aka ƙona), ya yi kwanaki yana motsawa, har ƙwayoyin halittar da ke ciki su mayar da shi mai narkewa. Ka tsaya bakin marina ka gani: yadi yana fitowa kore-kore, kafin a gama matse shi ya rikiɗe shuɗi a gabanka. Kowane tsomi yana ƙara duhu, don haka mai duhu sosai ya fi tsada, kuma tsadar tana da dalili.

Akwai kuma shunin masana'anta. Bajamushe Adolf von Baeyer ne ya gano ƙirarsa, kamfanin BASF ya fito da shi kasuwa a 1897. Gaskiyar da masu talla ba sa son faɗa ita ce sinadarin ɗaya ne da na ganye. Bambancin yana wurin aiki. Mai rinin duro yana haɗa shi da soda da haidiro (garin sinadarin da ke sa shuni ya narke), abin da rami zai ɗauki kwanaki ya gama shi da hantsi. Ba laifi ba ne, kuma ya fi sauƙin kuɗi, amma in soda ta yi yawa tana cin ƙarfin zare. Abin gudu shi ne ka biya kuɗin rami a ba ka na duro. Ido da wuya ya raba su. Hanci ya fi: na rami yana da ɗan warin tsami na ruɓa. In da hali, ka ce a kai ka inda ake rinin.

Kada sheƙi ya ruɗe ka. Ƙyallin turkuɗi daga bugu yake, da garin shuni da ake bugawa a kan yadin, kuma yana zuba a jiki. Buzaye haka suke so. Kai da za ka ɗora farin zare a wuyan riga, wannan ba naka ba ne.

Ja kuwa, a kan auduga ka sayi galura ka huta. Tun 1856 da William Perkin ya haɗa ta farko a Ingila ake gyara ta, kuma mai kyau tana riƙe yadi. Karan dafi, wato jan kuben ganyen wata irin dawa da ake jiƙawa da ruwan toka ko kanwa, gidansa fata. A kan fatar akuya da aka jeme da bagaruwa yana ba da ja mai zurfi, irin wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Haka kuloko: ƙarfe ne daga maƙera a ruwa mai tsami, da ya haɗu da ɗacin bagaruwar da ke jikin fata sai ya yi baƙi ƙirin. Mai sayen jaka ko takalmi, waɗannan biyun su zai nema.

Rawaya ce ta taɓa ci mini kuɗi. Na sayi mayafi a kasuwar Sabon Gari, mai kayan ya rantse da gangamau aka rina, kuma bai yi ƙarya ba. Wankin farko sabulu ya mayar da shi ja-ja, saboda gangamau haka yake yi in ya haɗu da abu mai kanwa-kanwa. Shanya uku a rana ya koɗe ya zama kamar tsohon buhu. Na gargajiya ne, amma bai dace da kayan da za a riƙa wankewa ba.

Lalle ma a duba. Na ganye ja ne zuwa ruwan ƙasa, kuma yana son sa'o'i kafin ya kama. Wanda ya yi baƙi wuluk cikin minti 20 galibi da rinin gashi a ciki, kuma yana iya tayar da ƙuraje da ƙuna a fata.

Kafin ka ba da yadi gaba ɗaya, yanki ƙyalle a rina maka. Goga shi da farin tsumma mai laima, wanke rabi da sabulu, shanya ɗaya rabin a rana kwana uku. Ƙanena haka ya yi. Ya zaɓi baba, ya sa aka ɗauraye yadin har ruwa ya fito fari, sannan ya zare allurarsa.