Na'urar auna motsin ƙafa a takalmin ƙwallo: ta cancanci kuɗinta?

Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 17 a filin unguwarmu, kuma tun ƙarshen damina muke amfani da irin na'urar nan da ake ɗaura wa takalmi don auna yadda ƙafa ke motsi lokacin bugun ƙwallo. Ra'ayina shi ne tana da amfani, amma ba ta yin duk abin da talla ke nunawa.

Guda biyu ce, ɗaya ga kowace ƙafa, a cikin wata roba da ke zagaye takalmin ta bayan idon sawu. A cikinta akwai abu biyu irin waɗanda ke cikin wayar hannu, masu sa allo ya juya idan ka karkata wayar: ɗaya yana auna fizga, ɗayan yana auna juyawa. Bayan atisaye sai ta tura bayanan zuwa manhaja ta Bluetooth. Dole ta riƙa ɗaukar awo da sauri ƙwarai, domin haɗuwar ƙafa da ƙwallo a bugu mai ƙarfi ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Masu bin gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar za su tuna ƙwallon Al Rihla, wadda na'urar cikinta ke aika bayani sau 500 a daƙiƙa, ita ce ma ta nuna cewa kan Cristiano Ronaldo bai taɓa ƙwallon da Bruno Fernandes ya ci Uruguay ba. Dabarar ɗaya ce, sai dai an mayar da ita ƙafa. Manyan kamfanoni sun daɗe a harkar: Adidas ya fitar da tasa na'urar mai suna GMR a 2020, tsohon kocin Arsenal Arsène Wenger kuma ya zuba jari a Playermaker, kamfani mai ƙera irinta. Tamu dai ba ta fito daga ɗayansu ba.

Inda ta fi burge ni shi ne batun ƙafar da yaro ba ya so. Kowane koci ya san ɗan wasan da ke rantsuwa yana buga hagu, alhali ƙafar tsayuwa kawai take masa. Da baki ba ya yarda. Amma da na nuna wa wani ɗan gabanmu allon, ya ga taɓawar damansa ta yi tsiri ta hagu kuwa tana kwance, bai ƙara musu ba. Tun daga nan yaran suka mayar da abin gasa, kowa na son ya ga saurin hagunsa ya matso kusa da na dama.

Ta kuma taimaka min wajen koyar da abin da na daɗe ina faɗa: ƙarfin bugu ba daga tafin ƙafa yake farawa ba. Daga ƙugu yake tasowa, cinya ta yi gaba gwiwa na lanƙwashe, sannan ƙauri ya fyaɗo kamar bulala. Yaron da ya taurare jiki yana neman yaga raga sai lambarsa ta sauka, idan ya saki jiki ya dasa ƙafar tsayuwa gefen ƙwallon sai ta hau. Haka nan idan sun gaji, saurin lilon ƙafar yakan ragu kafin ni in lura da ido, sai in dakatar da bugun tazara.

To, amma na'urar ba ta da ido. Wanda ya dirka ƙwallo ta haye katangar makaranta yana iya fin wanda ya ajiye ta a kusurwar raga maki, kuma yara suna saurin ruɗuwa da babbar lamba. Saurin ƙwallon da take nunawa ma ƙiyasi ne daga motsin ƙafa, ba ƙwallon ta auna ba. A filinmu mai tsakuwa, wani lokacin idan yaro ya yi tuntuɓe ko suka yi karo da ƙafar wani, sai ta lissafa shi a matsayin taɓa ƙwallo. Tunda a takalmi take, ba ta gaya maka komai kai tsaye game da gwiwa ko ƙugu, ballantana inda aka dasa ƙafar tsayuwa. Shi ya sa nake haɗa ta da bidiyon waya mai tafiyar hawainiya.

Ƙurar hunturu tana shiga wurin caji, sai an bi da buroshi. Robar kuma ba ta zama daram a takalmin gwanjo da ya buɗe. Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin rajistar manhaja da ake biya da dala, bayan kuɗin sayen na'urar, ga data.

Ga makarantar horar da 'yan wasa mai ɗan hali, a sayi saiti ɗaya ko biyu a riƙa zagayawa da su tsakanin yara, ya wadatar. Ƙungiyar da har yanzu take karo-karo kafin ta sayi ƙwallo da takalma, ta fara da waɗannan tukuna.