Rediyon Zaman Ritaya: Yana da Kunne, Amma Cajarsa Ta Ɓata Masa Suna

Taurari uku na ba wannan rediyo cikin biyar. Da a farkon zuwansa na zauna yin wannan rubutu, ko ɗaya ba zai samu ba.

Na daɗe ina aiki a ƙasar da ba tawa ba, ga shi ritaya ta ƙarato. Duk wanda ya kai wannan gaɓa ya san ba lissafin fansho kaɗai ke hana barci ba, har da tunanin abin da mutum zai riƙa yi da yininsa ranar da aka karɓe makullin ofis. Abokan aikina wasu sun kama lambu, wasu kamun kifi. Ni kuwa tun ina saurayi mayen labaran duniya ne, sai dai waya ta gundure ni. Ka buɗe ta don ganin kanun labarai, kafin ka ɗago kai yamma ta yi, ba ka ƙaru da komai ba sai ɓacin rai. Shi ya sa na ce bari in koma wa gajeren zango, in mayar da farautar tashoshi abin ɗebe kewa.

Rediyon ɗan ƙarami ne, mai allon lambobi da batirin da ake caji. Kun dai san irinsa. FM ɗinsa ba laifi, amma ba don shi na saya ba. Na zare eriya, na bi mita 49, na bi 31, na bi 19, ba abin da ke fitowa sai shuuu da wata ƙara mai tsinka kunne. Haka aka yi ta yi dare bayan dare, har uwargida ta ce, "Malam, in dai wannan ce ritayar da kake shirya mana, gara ka roƙe su su ƙara maka wa'adi." Na mayar da shi kwalinsa da niyyar aika musu kayansu.

Ana nan sai wani dare aka ɗauke wuta a unguwar baki ɗaya, abin da ba kasafai ake yi a nan ba. Intanet ya tafi, talabijin ya mutu. Don in san ko me ke faruwa na sake ciro shi, na fita baranda. Jama'a, sai ka ce an sauya mini rediyo! A mita 31 kaɗai, ko'ina na murɗa murya ce. Ga Romaniya da Turanci tar, ga China ta cika wuri kamar yadda ta saba, ga Sifaniyanci, ga kiɗan Indiya yana zuwa yana komawa, ga wasu harsunan da ban ma iya tantance su ba. Na ɗauko biro da takarda ina rubuta lamba da lokaci a hasken tocila, hannuna har rawa yake. Uwargida da ke tsokanata ita ta jawo kujera ta zauna. Sanyi ya yi ta dukanmu, ba wanda ya ce a shiga ciki.

Ana dawo da wuta, shuuu ta dawo. Ashe ƙarar ba daga sama take zuwa ba, daga cikin ginin take. Saƙon gajeren zango yana tashi ne ya bugi wani sashe na sararin sama mai nisan ɗaruruwan kilomita, ya dawo ƙasa can wata nahiya, don haka a gajiye yake isowa. Ƙwayayen fitilar LED, cajojin waya, na'urar intanet da talabijin kuwa kowanne na fitar da tasa hayaniyar, kuma suna kusa, dole su danne shi. A gidan bene mai maƙwabta sama da ƙasa abin ya fi muni. Yanzu nakan kashe abin da zan iya kashewa, in ɗaura 'yar doguwar waya a eriya in rataya ta a baranda. Da rana mita 16 da 19 sun fi kawowa, da dare sai 31 da 41 da 49. A gaskiya rediyon yana da kunne, wannan ba zan tauye masa ba.

To amma a nan ne raina ya sake ɓaci. Cikin kayan da na bi ɗaya bayan ɗaya ina cirewa daga soket, kun san wanne ya fi kowa ƙara? Cajar da suka sako a cikin kwalin rediyon! Kana jona ta, tashar da kake ji rangaɗaɗau sai ta nutse. Wato kamfanin da ya ƙera na'urar sauraron nesa shi ya haɗa ta da abin da ke toshe mata kunne. Ba yadda za a yi a ce ba su gwada ba. Dole sai ka yi caji, ka cire, sannan ka saurara, in batiri ya ƙare ana tsakiyar labarai kuwa sai haƙuri. Na rubuta wa mai sayarwa dalla-dalla, amsar da ta zo ita ce in tabbatar na zare eriya har ƙarshe. Ko karanta wasiƙar ba su yi ba.

Ɗan littafin da ya zo da shi ma abin takaici ne. Jerin tashoshin da ke bayansa na zamanin da ne. Akwai Rediyon Kanada, wadda ta bar gajeren zango tun 2012, da sashen Turanci na Rediyon Holan da aka rufe a shekarar, da Rediyon Ostireliya da ta yi sallama a Janairun 2017. Sabon shiga zai yi ta neman tashoshin da babu su, ya ɗauka rediyon ne ya lalace. Ba ko layi ɗaya da ya bayyana cewa jadawalin tashoshin duniya da agogon GMT yake tafiya, ko cewa suna sauya mitoci sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba.

Ga 'yan'uwa mazauna ƙetare masu shirin saye don jin shirye-shiryen Hausa, ku rage buri. Tashoshi na saita eriyarsu ne zuwa inda masu sauraronsu suke. BBC, wadda ta fara Hausa a 1957, tana da tashar tura shirye-shirye a tsibirin Ascension da ke tsakiyar Tekun Atlantika don Afirka, ba don wanda ke zaune wata nahiyar ba, kuma tun 2008 ta daina watsa wa Turai ta gajeren zango. Wata rana za ka tsinci muryar gida sama-sama, wata rana ko alama. Ita ma rana tana da nata hali mai zagayowa duk kimanin shekara 11, kuma idan ta yi tofi, wato ta feso guguwar da ke rikita sararin sama, irin na Mayun 2024, zangon kan iya yin tsit. Wannan ba laifin rediyo ba ne.

Duk da haka ban yarda da masu cewa abin ya mutu ba. A Maris na 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, BBC ta koma aika labarai ta gajeren zango zuwa Yukren da wasu sassan Rasha, don ana iya toshe intanet amma da wuya a tare abin da ke saukowa daga sama. Ni abin da ya fi kama ni shi ne jin labari ɗaya daga bakin ƙasashe daban-daban a dare guda, kowa na jan ruwa zuwa gonarsa, kai kuma ka zauna ka auna. Shirin yana ƙarewa ka kashe, ba wanda zai turo maka wani.

Sukurun gindin eriyar ya fara kwancewa, murfin batirin kuma sai da ɗan salatif yake zama. Na sayi wata caja daban, ƙarar ta ragu sosai, kuma na sake rubuta musu cewa su biya ni kuɗinta. Har yanzu shiru.