Gargaɗi: mai "goge laifi" a kan dala 1,800 yana yawo a Bronx

Jama'a, raina a ɓace yake. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu a Bronx da ke birnin New York, yana cewa yana da hanya a kotu, zai goge wa mutum tsohon laifinsa tas kamar ba a taɓa kama shi ba. Dala 1,800. Dala 900 kafin alƙalami, sauran in "takarda ta fito". Kuma takardar tana fitowa, har da tambari, amma ta bogi ce. Babu alƙalin da ya taɓa ganinta.

Kada wanda ya ce waɗanda suka biya wawaye ne. Magidanta ne da ake ta korar su a wajen neman aiki da haya. Mutumin ya yi musu sallama da Hausa, ya kira su Alhaji, ya ce "ai mu 'yan gida ne", ya ambaci lambar doka daidai. A nan ya kama su. "Mu 'yan gida ne." Wa zai nemi lasisin lauya daga ɗan gida? Ashe tun kafin ya karɓi dala 900 ta farko ya riga ya ɗauki hoton katin shaidarsu da lambar Social Security (lambar shaida ta gwamnatin Amurka). Ko wannan bai dame su ba sai daga baya, da wayarsa ta daina shiga.

Dala 1,800 a kan abin da kotu ba ta karɓar ko sisi, in ban da dala 10 ta takardar shaida!

A jihar New York, yawancin laifuffuka rufe su ake yi, wato a ɓoye fayil ɗin daga idon jama'a, ba gogewa ba. In an kori ƙarar ko an wanke ka, fayil ɗin yana rufuwa da kansa. In an same ka da laifi, akwai sashe na 160.59 na dokar shari'ar laifuffuka ta jihar tun 2017, wanda ya ba ka damar neman a rufe fayil ɗin: laifi biyu kacal, babba ɗaya kawai a ciki, kuma sai an shekara 10 daga yanke hukunci ko fitowa daga gidan yari. Ka karɓi Certificate of Disposition, takardar da ke nuna yadda shari'arka ta ƙare, a kotun da ta yi shari'ar, dala 10 ce a cikin birnin New York. Ka cike fom ɗin kotu, ka kai wa ofishin mai gabatar da ƙara kwafi, suna da kwana 45 su yi suka, sannan alƙali ya yanke. Inda ake yawan faɗuwa shi ne lissafin shekarun, don zaman gidan yari ba ya shiga ciki.

Ga kuma dokar Clean Slate da Gwamna Hochul ta sa wa hannu a 2023, ta fara aiki a Nuwamban 2024. Ana rufe ƙaramin laifi bayan shekara 3, babba bayan shekara 8, ba tare da ka cike komai ba, muddin ba ka ƙarƙashin sa idon hukuma bayan hukunci kuma babu sabuwar ƙara. Laifin lalata da kisa ba sa ciki. An ba kotuna har 2027 su kammala rufe tsofaffin fayiloli, wannan jiran ne ɓarawon yake sayarwa.

Abin da ya fi ƙona min rai: ya ce musu da takardarsa za su iya rubuta "ban taɓa ba" a fom ɗin zama ɗan ƙasa, inda ake tambaya ko an taɓa kama su. Wallahi wannan ya fi asarar dala 1,800 muni. Hukumar shige da fice ta tarayya ce, rufewar jiha ba ta hana ta gani, kuma ƙarya a fom ɗin na iya kai mutum ga kora daga ƙasar.

Hotunan hirarrakin da rasit na Zelle, manhajar tura kuɗi, suna hannuna, zan saka su da zarar na rufe sunayen mutane.

Kada ku biya. Ƙungiyoyin lauyoyi na Legal Aid Society da Bronx Defenders ba sa karɓar kuɗi. Wanda ya riga ya biya, ya kai ƙara ofishin Antoni Janar na jihar, kuma ya ga lauyan shige da fice kafin ya cike kowane fom.